Lambobin Baba Kofur da Bashin da Ke Kanmu



Mu da aka ɗora wa riƙon alƙalami a fadar Sarki, a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, yawancin abin da ke zuwa gabanmu sananne ne: rikicin iyakar gida, rabon gado, auren da ya yi tsami, takardar shaida ga yaron da zai nemi aiki. Amma wata Laraba bayan la'asar, a daminar bara, wata dattijuwa ta shigo mana da abin da ba mu saba gani ba. Ta haura saba'in, tana dogara sanda, jikanta saurayi yana biye da ita, kansa a sunkuye. Ta durƙusa ta gai da Sarki, sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit wanda tsatsa ta ci murfinsa, ta ajiye a kan tabarma.

Ta ce, "Allah ja zamanin Sarki, ajiya na kawo. Jiya na kama yaron nan ya ɗauki kayan Baba zai kai wa mai sayen tsofaffin kaya a kasuwa. Ni kwanana ya tura, gidan kuwa ba wanda ya san darajarsu. Gara su zauna a hannunku."

Sarki ya dube mu ya ce, "Malam, buɗe mu gani."

Muka buɗe. Akwai lambobin yaƙi uku masu ƙyallen da ya koɗe, biyu daga ciki masu siffar tauraro, ɗaya ta yaƙin Bama. Akwai wata kewayayya ta azurfa wadda ta girme su, an zana suna da lambar soja a gefenta. Akwai ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai littafin sallama daga soja a naɗe cikin leda, da hoto guda, da wata laya da aka ɗinke da jar fata, gumi ya mai da ita baƙa. Ta azurfar ta kakanta ce, wanda ya yi yaƙin Jamus na farko. Ukun da littafin da layar na mahaifinta ne. Ta Majalisar ta ƙaninta ce, wanda ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan, kuma 'yar wannan ƙanen a yau tana sanye da kaki a barikin Kamina na Tamale. Zuriya huɗu ke nan a gida ɗaya, uku daga cikinsu a gwangwani guda.

Sarki ya tambayi yaron nawa aka taya. Ya ce sidi ɗari biyu. Mutanen fada suka ɗauki salati, wani har ya fara zaginsa. Sai yaron ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san na mene ne ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Zauren ya yi tsit, domin duk mai furfurar da ke wurin ya san maganar ta fi ƙarfin yaron, kanmu ta faɗo.

Mun san mahaifin dattijuwar nan. Baba Kofur ake ce masa. Lokacin da muke yara, wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, gadi yake yi da dare a wani wurin yankan katako, kamar yadda da yawa daga cikin tsofaffin sojojin zango suka ƙare. Dogo ne, ba ya son magana. In jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa yakan tsaya cak ya kafa wa sama ido, wani lokaci ya ƙame ya sara wa abin da shi kaɗai yake gani. Mu kuwa in an taso mu daga makarantar allo sai mu bi bayansa muna buga ƙafa, muna kwaikwayon fareti, muna kiransa mahaukacin Bama. Bai taɓa ɗaga mana hannu ba. Iyayenmu sukan tsawata mana don ya girme mu, amma ba mu tuna ko sau ɗaya wani ya zaunar da mu ya ce ga inda mutumin nan ya je, ga abin da ya gani ba.

Sai bayan mun girma muka san dalilin da jirgin sama ke tsayar da shi. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta shiga kwarin kogin Kaladan a ƙasar Bama a 1944, ta yi yaƙi a dajin da mota ba ta shiga. Daga sama ake jefo mata abinci da harsashi, abin da ya sauka kuwa mutane ne ke ɗaukarsa a ka, su hau duwatsu su ƙetare rafuka da shi cikin ruwan sama da sauro da kwanton ɓaunar Jafanawa. Ƙarar jirgi a wurinsu ita ce ko za a ci yau ko za a kwana da yunwa. A watan Janairun 1945 wannan runduna da 'yar'uwarta ta 82 suka karɓe garin Myohaung, sunan da har yau wani bariki a yankin Takoradi yake ɗauke da shi. Barikin Uaddara da ke nan Kumasi ya samo nasa daga fafatawar da dakarun ƙasar nan suka yi da Italiyawa a Habasha a 1941. Babban sansanin soja na Akra kuma sunan Bama yake amsawa. Kullum muna wuce waɗannan ƙofofi a mota, sunayen wuraren sun zauna a bango, mutanen da suka je wuraren kuwa mun bari sun zube.

In ana ba da tarihin zango, saiwa biyu muke son ambata. Muna faɗin fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, muna faɗin malamai irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Allah Ya jiƙansa. Ta ukun mukan tsallake ta, alhali kuwa ba ta fi sauran gajarta ba. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas, yawancinta bayin da suka gudu ne masu jin Hausa. An kawo su nan a yaƙin 1873 zuwa 1874 da Asante, waɗanda dattawanmu ke kira Tonawa, kuma bayan yaƙin wasunsu ba su koma ba, suka zauna a Akra da garuruwan bakin teku suka yi aure. A 1879 aka kafa rundunar ƙasar nan ta kanta, a 1901 aka mai da ita cikakkiyar rundunar soja. Hausa ta zama harshen bariki, har hafsoshin Turawa sukan koye ta don su yi magana da kurata. Ta haka ne kowane ɗan Arewa da ya sa kaki ya zama "sojan Hausa" a bakin mutanen Kudu, ko da Bagurunshe ne, ko Bamoshe, ko Bazabarme, ko Badagombe. Ya shiga bariki da harshen uwarsa, ya fito da Hausa, sau da yawa ya fito da Musulunci, in an sallame shi kuma ba shi da inda zai dosa sai zango. Da yawa daga cikin gidajen da muke kira na asali a yau, in an tona, tsohon soja ne ya kafa turken farko.

A nan ne littafin sallamar Baba Kofur ya ba mu wahala. Sunan da ke ciki daban, sunan da 'yarsa ta sani daban. Al'adar masu ɗaukar soja a wancan zamani ita ce su rubuta sunan mutum guda ɗaya, su liƙa masa sunan ƙabilarsa ko garinsa a matsayin na biyu: wane Moshi, wane Kano, wane Zabarma. Sunan uba ya faɗi a ƙofar bariki. Ko mutumin da tarihi ya ce shi ne sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a yaƙin duniya na ɗaya, a ƙasar Togo cikin watan Agustan 1914, da irin wannan suna aka san shi, Alhaji Grunshi. Wanda ya yi fice ke nan. Ina ga wanda zazzaɓi ya kashe a dajin Kamaru ko na Afirka ta Gabas yana ɗauke da kaya? A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoto da kanta, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a wancan yaƙi, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a kan dutse ba, wasu ma ba a yi musu wata alama ba sam. Mun karanta labarin, mun ji zafi, mun zargi Turawa, kuma sun cancanci zargin. Sai ga gwangwani a kan tabarmarmu yana nuna mana cewa mu ma da muke cin tuwo da jikokinsu ba mu rubuta ba.

Dattijuwar ta ba mu labari biyu a ranar, muka rubuta su kamar yadda ta faɗa.

Na farko daga bakin mahaifiyarta ta ji shi. Da Baba ya dawo daga Bama, abin da aka ba shi bai kai abin da aka yi masa alkawari ba, aiki babu, kaya sun yi tsada. Wannan ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi ne ya fitar da tsofaffin sojoji ranar 28 ga Fabrairun 1948 a Akra, ba makami a hannunsu, suna tafiya su kai wa Gwamna takardar koke a fadarsa ta Osu. A mararrabar hanyar aka tare su, wani Baturen ɗan sanda mai suna Imray ya harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya kama wuta, tarzomar ta iso har nan Kumasi, aka kama shugabannin siyasa shida, aka kafa kwamitin Watson, kuma kafin shekara goma ta cika, ranar 6 ga Maris 1957, aka sauke tutar Ingila. Baba Kofur ba ya Akra a ranar. Amma ta ce duk shekara in watan ya zagayo yakan ciro lambobinsa ya goge su da toka da lemun tsami, ya mayar ba tare da ya rataya ba.

Na biyu da idonta ta gani. A watan Nuwamban 1969, zamanin Busia, aka yi dokar da ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Duk wanda ya girma a zango ya ji labarin wannan lokaci, yadda aka sayar da gidaje a wulaƙance, aka cika manyan motoci. Wasu ma'aikata suka zo ƙofar gidansu suna tambayar takarda. Baba ya shiga ɗaki ya fito da littafin nan, ya miƙa, ya ce musu, "Ranar da aka sa ni a jirgin ruwa zuwa Bama ba wanda ya tambaye ni ko ni baƙo ne." Suka duba, suka mayar masa, suka wuce. Abokinsa na ƙofa ta uku, wanda suka je tare suka dawo tare, gara ta cinye nasa littafin tun da daɗewa. Ya hau mota da iyalinsa zuwa ƙasar da shi kansa bai santa ba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Har gobe, in ɗan zango ya je wani ofishi neman takarda aka dubi sunansa aka ce ya kawo shaidar kakansa, mukan tuna da wannan littafi mai shafi kaɗan.

Da Sarki ya kawo maganar gaban majalisa, cewa a buɗe littafi na musamman don tsofaffin sojojin zango, ba kowa ne ya amince ba. Wani malami da muke girmamawa ƙwarai ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ƙarƙashin tutar Nasara suka ɗauki bindiga. Da su aka ci ƙasashen Musulmi, da su aka ci mutanen da muke zaune a ƙasarsu. Wannan za mu karrama?" Maganarsa tana da tushe, ba wanda ya musa. A 1900, lokacin da Yaa Asantewaa ta jagoranci Tonawa suka kewaye ganuwar Turawa da ke tsakiyar garin nan, sojojin da ke ciki suna harbi kakannin wasunmu ne. Wannan ne ma ya sa gidaje da yawa suka binne zancen, don maƙwabtaka ta yi daɗi.

Liman ne ya warware. Ya ce, "Malam, ba cewa za mu yi yaƙin Nasara ya halatta ba. Mutane za mu rubuta. Cikinsu akwai bawan da ya gudo bai sami mafaka ba sai bariki. Akwai wanda aka ce wa sarkin garinsu ya kawo ƙato kaza, aka kamo shi daga gona. Akwai wanda yunwa ta kawo, akwai wanda ya zo da ƙafarsa don son kaki. Hisabin kowa yana wurin Ubangijinsa. Abin da ke kanmu shi ne haƙƙin maƙwabci da haƙƙin marayan da ya bari. A rubuta duka, har da 1900, kada a ɓoye komai." Ya ƙara da cewa ganuwar da ake magana a kanta yau gidan tarihin soja ce, labarin Yaa Asantewaa da na rundunar da ta yaƙe ta suna ƙarƙashin rufi ɗaya, 'yan makarantar Tonawa da na zango suna shiga ta ƙofa guda. In masu ƙasa sun iya ɗaukar tarihin da ɗacinsa, mu ma za mu iya. Malamin ya yi shiru, sannan ya ce to a fara da gidansu, domin kakansa na wajen uwa samanja ne. Shekara talatin muna zama da shi a zaure ɗaya ba mu sani ba.

Hukuma tana nata ƙoƙari, ba za mu hana ta ladanta ba. Ranar 11 ga Nuwamba ana taruwa a maƙabartar yaƙi ta Osu, a busa begila, a yi shiru, a ajiye furanni. Ranar 28 ga Fabrairu ana yin haka a mararrabar da mutum ukun nan suka faɗi. Akwai hukumar tsofaffin sojoji. Amma fareti rana ɗaya ne, shekara kuwa tana da tsawo, kuma begila ba ta shiga lungun da gwauruwar soja take kwance da ciwon ƙafa. Wannan lungu namu ne.

Saboda haka littafin da muka buɗe fuska biyu gare shi. A fuskar farko muna rubuta sunan yanka da na uba, da sunan bariki, da lambar soja in an samu, da garin asali, da inda mutum ya je, da inda aka binne shi. Muna ɗaukar hoton takardu da waya mu mayar wa masu su, muna naɗar muryar tsofaffi, musamman mata, domin mun lura su ne suka riƙe labarin. Namiji ya dawo ya yi shiru, matarsa ce ta ji abin da yake faɗa cikin barci. A fuska ta biyu muna rubuta masu rai da bukatunsu. 'Yan Bama sun ƙare a unguwarmu, amma akwai waɗanda suka je Labanan, da Laberiya a 1990, da Ruwanda a 1994, inda dakarun ƙasar nan ƙarƙashin Janar Anyidoho suka tsaya lokacin da wasu ƙasashe suka kwashe nasu. Cikinsu akwai mai zama shi kaɗai a ƙofar masallaci, yara suna ratsa shi kamar yadda muka ratsa Baba Kofur. Sarki ya yanke cewa duk Sallah gidajensu na cikin waɗanda fada ke fara aika wa, kuma duk gwauruwar soja da ke bin takardun fansho, alƙalamin fada zai rubuta mata kyauta, ɗan fada ya raka ta ofis har a gama.

Ba mu fara da wuri ba, kuma mun ga sakamakon jinkiri. An gaya mana akwai wata tsohuwa a bayan kasuwa, mijinta ɗan Bama ne, ita kaɗai ta rage cikin sa'o'inta, kuma ta san sunayen duk waɗanda suka tafi daga layinsu. Muka ce sai ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, aka shiga hidimar wani biki, muka ce mako mai zuwa. Ranar da muka shirya zuwa, da asuba aka yi sanarwar jana'izarta. Shafin da muka ware mata yana nan fari, mun bar shi haka da gangan.

Gwangwanin kuwa Sarki bai karɓa ba. Ya ce wa dattijuwar, "Iya, kayan gida a gida suke zama." Ya sa yaron ya zauna kusa da mu, muka karanta masa littafin kakan nasa shafi-shafi, ya rubuta sunayen mutum huɗun nan da hannunsa a littafin fada, sannan Sarki ya miƙa masa gwangwanin ya ce amana ce, shi za a tambaya. Wasu sun ce an ba kura ajiyar nama. Yau shekara guda ke nan, kayan suna nan, kuma shi ne ke riƙe mana waya in mun shiga gidaje ɗaukar murya.

'Yan'uwa da ke karanta wannan daga Lome, Yamai, Garwa, Njamena ko Kano, ba mu zaci labarinku ya yi nisa da namu ba. Waɗanda kakanninsu suka sa kakin Faransa sun san abin da aka yi wa sojojin da suka nemi haƙƙinsu a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamban 1944. Waɗanda 'ya'yansu ke bakin daga yau a yankin Tafkin Chadi ba sa bukatar a gaya musu mene ne jiran waya cikin dare. Roƙonmu ƙarami ne. A duba ƙarƙashin gado da cikin adaka. A zauna da tsohuwar gida yau, a tambaye ta wa ya tafi, wane suna aka ba shi a can, wa ya dawo, wa bai dawo ba. A rubuta, ko da ajami ne a bayan kalanda. In kuma akwai tsohon soja mai rai a unguwa, a je a gaishe shi, a tambayi abin da ya ci.

Mu dai ba mu sami neman gafarar Baba Kofur yana raye ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan abokan tafiyarsa, waɗanda muka san sunansu da waɗanda Shi kaɗai Ya sani. Allah Ya tsare waɗanda ke sanye da kaki yau, Ya tsare hannunsu daga zalunci, Ya dawo da su ga iyayensu lafiya.